Bayani A Kan Ciwon Huhun Yara Da Maganin Shaƙa Na Mutanen Sin

  

Idan kaka ta wuce, aka gama sussukar gero, aka kai riɗi da zoɓo kasuwa, sai iskar hunturu ta taso ta wajen Damagaram ta lulluɓe ƙasar Gumel da hazo. Daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, wanda ya fita sallar asuba cikin birnin Lautai, ko Maigatari, ko Gagarawa, ko Sule Tankarkar, ba zai rasa jin tarin yara ta bayan danga ba. Mafi yawan wannan tari mura ce, ta kan yi kwanakinta ta wuce. Amma a cikinsa akwai wanda ba mura ba ne, shi ne ciwon huhu, wanda littattafan Larabawa su ke kira zatur ri'a, likitoci su ce nimoniya, mutanen karkara kuwa su ce limoniya ko sanyin haƙarƙari. Shi wannan ciwo ba ya jiran a sayar da akuya ran kasuwa, yaron da ya kwana yana wasa ran Lahadi ana iya yi masa sutura ran Alhamis.

Hukumar kula da yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ta ƙiyasta cewa cikin shekarar 2018 ciwon huhu ya kashe yara kimanin 800,000 waɗanda ba su kai shekara biyar ba a duniya duka. Daga cikinsu 162,000 'yan Nijeriya ne, watau fiye da yaro 440 kowace rana ta Allah. Ba wata ƙasa da ta kai Nijeriya a wannan lissafi, har Indiya da yawan jama'arta a baya ta zo da 127,000. A wannan shekara kuma, ƙidayar lafiya da Gwamnatin Tarayya ta yi ta nuna cewa a Jihar Jigawa kimanin yaro ɗaya cikin kowane biyar ba ya ganin shekararsa ta biyar. Ba ciwon huhu kaɗai ne sanadi ba, akwai zazzaɓin sauro da gudawa da tamowa, amma yana sahun gaba.

Wanda ya ke so ya gane wannan ciwo, ya dubi huhun rago ran Layya. Idan aka hura iska ta maƙogwaronsa sai ya kumbura, idan aka saka shi cikin ruwa sai ya taso sama, domin cikinsa cike ya ke da 'yan jakunkunan iska ƙanana, miliyoyi a kan miliyoyi, waɗanda ido ba ya rarrabe su. A jikin waɗannan jakunkuna ne iskar da mutum ya shaƙa ta ke ratsawa ta shiga jini. To, idan ƙwayoyin cuta suka sauka can, sai jakunkunan su cika da ruwa da mugunya, wurin ya daskare ya zama kamar hanta, har in da za a yanko shi a jefa a ruwa sai ya nutse. Iska ba ta da wurin shiga. Saboda haka ne yaro ya ke ta haki, yana ƙara saurin numfashi domin ɗan wurin da ya saura lafiya ya ɗauki aikin wanda ya toshe, har ƙarfinsa ya ƙare. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau, ciwon ba a hanci ya ke ba, ba kuma a maƙoshi ba, can ƙarshen hanyar iska ya ke.

Abin da a kan yi a gidaje kuwa sananne ne, kuma da kyakkyawan nufi a ke yinsa. Uwa ta ga jikin yaro ya yi zafi, numfashi yana sama sama, sai ta kai maganar wurin uwar mijinta. Tsohuwa ta taɓa ƙirjinsa ta ce, "Sanyi ne ya shige shi, 'yar nan. Hura garwashi." A kawo kasko, a barbaɗa habbatus sauda ko ararraɓi ko tazargade, a rufe ƙofa da taga, a kara yaro a kan hayaƙi. Ko kuwa a tafasa ganyen darbejiya da na lemun tsami da citta, a sauke tukunya, a lulluɓe uwa da ɗa da bargo su yi surace. A shafa masa man zafi a ƙirji, wani lokaci har cikin hanci. Yaro ya yi gumi, majina ta zubo, ya gaji da kuka ya yi barci, sai a ce alhamdu lillahi, ya samu sauƙi. Kashegari a sake, jibi a sake. Sai ran da ya ƙi kama nono, idanu suka juye, sa'an nan a ke neman mai babur.

Tun shekarar 2020 da annobar korona ta zo, surace ya ƙara samun daraja a wurin jama'a, har waɗanda suka yi boko suka koma masa. Wanda kuma ya ji labarin cewa a asibitocin ƙasar Sin ma a kan shaƙa wa yara masu ciwon huhu maganin itatuwa, zai iya cewa, "To, ai ga shi nan. Mutanen da suka ƙera jirgi da waya sun dawo kan abin da kakanni su ke yi." Labarin gaskiya ne, amma hujjar da a ke so a ciro daga cikinsa tana bukatar a zauna a warware ta.

Ba a musun cewa Sinawa sun daɗe da sanin itatuwa. Kimanin shekara 200 bayan haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wani masaninsu mai suna Zhang Zhongjing ya wallafa littafi a kan cututtukan sanyi da zazzaɓi, a ciki ya kawo wani haɗi na abu huɗu domin mai zafin jiki da tari da haki, har yau kuwa suna aiki da shi. Ɗaya daga cikin huɗun wani tsiro ne da su ke kira mahuwang, daga jikinsa ne wani malamin Japan, Nagai Nagayoshi, ya tsamo sinadarin efedirin a 1885, wanda aka daɗe ana buɗe ƙirjin masu asma da shi. Mafi girma daga wannan, maganin zazzaɓin sauro da a ke bayarwa yau a kowane asibiti na ƙasar nan asalinsa wani ganye ne na Sin, ɗan'uwan tazargade. Wata mace, Tu Youyou, ita da abokan aikinta suka bi tsofaffin littattafansu suka tsamo sinadarinsa a farkon shekarun 1970, aka ba ta lambar girma ta Nobel a 2015. Maganar nan da ta shahara a bakin mutane ta neman ilmi ko da a ƙasar Sin, malaman hadisi sun raunana ta, ba a jingina ta ga Annabi. Amma Musulmi bai bukaci hadisi ba kafin ya karɓi abu mai amfani daga hannun wanda ya iya. Abin lura dai shi ne, ganyen nan bai zama maganin duniya ba sai da aka tace shi, aka auna, aka jarraba a kan dubban marasa lafiya, aka ƙidaya wanda ya warke da wanda bai warke ba.

Shi kuwa maganin shaƙa da a ke magana, ba ƙona shi a ke yi ba, ba kuma tafasa shi a ke yi a gaban yaro ba. A masana'anta a ke tatso ruwan itatuwan, a tace shi sarai, a ɗura cikin 'yan kwalabe irin na allura, domin mafi yawansu asali don allura aka yi su. Daga cikin sanannunsu akwai Tanreqing da Xiyanping da Shuanghuanglian. A asibiti sai a zuba awo sananne cikin wata na'ura mai aiki da lantarki, wadda malaman asibiti su ke kira nebulaiza, ita kuwa ta farfasa ruwan ta mai da shi hazo mai sanyi, a rufa wa yaro wata 'yar roba a hanci da baki ya yi ta shaƙa. Hikimar na'urar tana wajen ƙanƙantar ɗigon. Sai ɗigo ya kasance tsakanin kashi 1 zuwa 5 cikin dubu na milimita kafin ya iya gangarawa can cikin huhu, wanda ya fi haka girma a hanci da maƙoshi ya ke maƙalewa.

Likitocin Sin sun yi jarrabawa da yawa a kan wannan. Yadda su kan yi shi ne su raba yara marasa lafiya kashi biyu. Kashi na farko a ba su maganin asibiti wanda aka saba, watau maganin kashe ƙwayoyin cuta, da na sauke zazzaɓi, da iskar oksijin ga mai bukata. Kashi na biyu a ba su wannan duka, ba a rage kome ba, sa'an nan a ƙara musu da maganin shaƙa. Da yawa daga rahotannin sun ce zazzaɓi da tari sun fi saurin sauka a kashi na biyu. To, a nan ne mai hankali zai tsaya. Ba a hana yaro maganin asibiti a bar shi da na itatuwa kaɗai. Su da kansu da sunan ƙari su ke kiransa. Matsayinsa ke nan kamar nafila a gefen farilla. Wanda ya yi Azahar ya ƙara raka'a biyu ya kyauta, amma wanda ya kwana yana nafila ya bar Asuba har rana ta fito, ko ɗan ƙaramin almajiri ya san hukuncinsa.

Har nafilar ma ba ta tabbata ba tukuna. Malaman da suka tattara waɗannan rahotanni suka auna su sun yi ta nuna rauninsu. Yaran da a ke jarrabawa a kansu ba su da yawa, kuma galibi likita da iyaye sun san wanda aka ba ƙarin da wanda ba a ba ba, alhali zuciya ta kan ga abin da ta ke so ta gani. Abin da a ke ƙidayawa kuma kwanakin tari ne da na zazzaɓi, ba rayukan da aka tsirar ba. Har ila yau, da yawa daga yaran nan wata ƙwaya ce mai suna maikofilasma ta kama su, irin wadda ta cika asibitocin yaran Sin a ƙarshen 2023. Ita ta fi kama yaran da suka isa makaranta, galibi kuma ba ta kai zafin ƙwayar nimokokas ba, wadda ta ke kayar da jinjiri mai tamowa cikin 'yan kwanaki. Yaron da ke kwance a gadon asibiti da bututun oksijin a jikin bango, ba a yi masa ƙiyasi da wanda ke kwance a ɗakin kara, tafiyar sa'a biyu daga kwalta.

Hukumomin Sin kansu sun sha ja da baya. A 2006 sun dakatar da allurar wani ganye da su ke kira yuxingcao bayan ta jawo wa mutane mummunar illa, har da rasa rai. A 2016 manyan likitocinsu na ciwon ƙirji sun fitar da matsaya cewa ba su ba da shawarar a riƙa zuba irin waɗannan ruwaye na allura cikin na'urar shaƙa ba, domin ba don haka aka yi su ba, kuma ba a tabbatar da amincinsu ta wannan hanya ba. A 2018 aka hana yi wa yaro ɗan shekara 4 zuwa ƙasa allurar Shuanghuanglian. Idan masu abu suna taka tsantsan haka da abinsu, ina ga kwalbar da mai lasifika ya ɗaga a kasuwar Maigatari ran Alhamis, da rubutun da shi kansa bai iya karantawa ba? Ko da an ga lambar hukumar NAFDAC a jikin maganin gargajiya, ba shaida ba ce cewa an jarraba yana warkar da abin da mai talla ya lissafa.

Yanzu a dawo kan tukunya da kasko a yi musu adalci. Surace yana da ɗan amfaninsa ga babba mai mura, ya kan sassauta majina, ya sa mutum ya ji hancinsa ya buɗe, ko da ya ke da aka jarraba shi ba a ga ya rage kwanakin mura ba. Amma tururi a hanci da maƙoshi ya ke hucewa ya koma ruwa, ba ya kashe ƙwayar da ta yi gida a ƙarshen huhu. Ga kuma haɗarin tafasasshen ruwa kusa da yaro mai shure shure a cikin duhun bargo. Ko a Ingila, likitocin asibitin yara na Birmingham sun yi kuka a 2020 saboda yawan yaran da aka riƙa kawo musu da ƙunar surace. Hayaƙi kuwa al'amarinsa ya fi muni, domin shi lalle yana kaiwa can ciki, sai dai ba magani ya ke kaiwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin yaran da ciwon huhu ya ke kashewa, hayaƙin cikin gida yana da hannu a mutuwarsu, watau na itace da kara da gawayi da kashin shanu. Yaron da ke goye a bayan uwa tana hura murhu ya riga ya sha rabonsa, sa'an nan da ya kwanta ciwo a rufe ɗaki a ƙara masa. Man zafi mai kafur kuma ba a shafa wa yaron da bai kai shekara biyu ba, balle a tura masa a hanci. Kowane irin mai da aka ɗiga wa jinjiri a hanci yana iya zarcewa cikin huhu ya haifar da wani ciwon dabam.

Amma babbar ɓarnar ba ƙuna ba ce, ba kuma hayaƙi ba. Kwanakin da a ke ci ana jiran surace ya yi aiki, su ne ɓarnar.

Akwai masu kafa hujja da maganin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma ya kamata a amsa musu daga littattafan da su ke girmamawa. Buhari da Muslimu sun ruwaito labarin Ummu Ƙaisi 'yar Mihsanu, wadda ta zo da ɗanta bayan ta danna masa maƙoshi da yatsa saboda ciwon wuya. Annabi bai yarda da wannan azabtarwa ba, ya nuna mata ƙustul hindi, ya ambaci cewa yana da amfani ga cututtuka bakwai, cikinsu har da zatul janbi, watau ciwon haƙarƙari. Masu kai jarirai a yanke musu belu, su ma su yi tunani a kan farkon wannan labari. Wani abin sha'awa kuma, wannan saiwa ta ƙustu tana cikin magungunan Sinawa, suna kiranta muxiang. To, amma a ruwayar, shaƙawa ta hanci domin ciwon wuya aka ambace ta, na haƙarƙari kuwa ta gefen baki a ke ɗurawa, ba a ce a ƙona a turara ba.

Sa'an nan ga bayanin Ibnul Ƙayyim, Allah ya jiƙansa, wanda ya rasu a Dimashƙa a shekara ta 751 bayan Hijira, daidai da 1350. A cikin Zadul Ma'adi, a babin magunguna, ya raba zatul janbi gida biyu. Akwai na haƙiƙa, wanda kumburi ne mai zafi a cikin ƙirji, ya lissafa masa alamu biyar: zazzaɓi, da tari, da suka a haƙarƙari, da ƙuncin numfashi, da sauyawar bugun jijiya. Akwai kuma wanda ya yi kama da shi amma ba shi ba ne, ciwo ne da iska ta ke haddasawa a gefen jiki. Sai ya bayyana cewa maganin da aka ambata a hadisin na kashi na biyu ne, ba na farko ba. Mai karatu ya sake duba alamun nan biyar, zai ga su ne na yaron da ke kwance yana haki. Ashe tun shekara ɗari shida da wani abu malamin Sunna ya riga ya raba tsakanin wanda ƙustu zai isar masa da wanda ya ke bukatar tabibi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, da ya rubuta littattafai a kan magani, bai ɗauki neman sanin cuta a matsayin raunin tawakkali ba.

To, yaya uwa za ta rarrabe mura da ciwon huhu, ga shi ba ta da abin awon likita? Da carbi da agogon waya. A bari yaro ya natsu, ba yana kuka ba, ba yana shan nono ba. A ɗage rigarsa a dubi cikinsa. Wani ya riƙe waya ya tsai da minti ɗaya cif, ita kuwa duk sa'ad da ciki ya taso ta ja ƙwayar carbi ɗaya. Idan minti ya cika a ƙirga abin da aka ja. Jinjirin da bai kai wata 2 ba, idan ya kai 60 numfashinsa ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa wata 11, iyakar ita ce 50, watau rabin carbi mai ɗari. Daga shekara 1 har ya kusa 5, iyakar 40 ce, tasbihi talatin da uku na bayan salla da ƙarin bakwai. Wannan shi ne ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ma'aikatan asibiti, ba wani asiri a cikinsa. Yaro mai tari wanda ya kai wannan adadi, a kai shi asibiti a ranar. Haka kuma idan aka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana faɗawa ciki lokacin da ya ja numfashi. In kuwa ya kasa shan nono ko ruwa, ko yana amayar da duk abin da aka ba shi, ko ya yi jijjiga, ko ya yi lis ba ya farkawa sosai, ko leɓe da harshe suka sauya launi, ba a jiran gari ya waye.

Maganin kuwa ba mai tsada ba ne. Tun 2014 hukumar nan ta sa amoksisilin a gaba wajen ciwon huhun yara, akwai irin wanda ya ke narkewa cikin cokali da ɗan ruwa mai tsabta ko ruwan nono. Safe da yamma a ke bayarwa, galibi kwana biyar, awonsa gwargwadon shekarun yaro da nauyinsa, saboda haka ma'aikacin asibiti ne zai faɗa, ba maƙwabciya ba. A cika kwanakin ko da yaro ya tashi yana wasa ran na uku, domin ragowar ƙwayar da aka bari ita ce ta ke dawowa da taurin kai. Tun da zazzaɓin sauro ma ya kan sa haki, a yarda a ɗiga jinin yatsa a duba, sau da yawa cutar biyu ce ta haɗu. Akwai kuma wata 'yar na'ura da a ke maƙala wa yaro a yatsa ta nuna yawan iskar da ke cikin jininsa, idan ta nuna ƙasa da 90 cikin 100 yana bukatar oksijin, sai a wuce da shi babban asibiti irin na Gumel. Wannan ita ce shaƙar da ta tabbata tana ceton rai. A Jihar Jigawa, a ƙaramar hukumar Kiyawa, ƙungiyar Save the Children tare da malaman jami'o'i sun yi aikin kai irin waɗannan na'urori da oksijin ƙananan asibitoci, da zaunar da maza da mata a unguwanni ana koya musu alamun ciwon.

Zaunar da maza ɗin nan ba a banza aka yi shi ba, domin a nan ne wani ƙulli ya ke. Lokacin da ciwon ƙirji ya ke yawaita shi ne kuma lokacin cin rani. Maigida ya tafi Kano ko Legas ko Fatakwal, ya bar mata da yara da rumbu, bai bar izinin fita ba, bai kuma bar kuɗin mota ba. Mace ta ga ɗanta yana haki, ta kira waya ba ta shiga, ta je wurin ƙanin miji ya ce, "Ki bari Yaya ya kira da dare." Dare ya yi, Yaya ya ce, "A yi masa surace tukuna mu gani." Ba mugunta ba ce, nisa ne da rashin gani da ido. Amma kiyaye rai yana cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin ta tsare su, kuma ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman fiƙihu cewa larura ta kan halatta abin da aka hana. Abin da ya dace ga mai tafiya cin rani shi ne, kafin ya ɗauki jakarsa, ya tara iyalinsa a gaban mahaifiyarsa ya faɗa da bakinsa cewa duk ran da yaro ya yi haki an yarda a fita da shi, dare ko rana, ba sai an neme shi ba. Ya ware kuɗin da ba a taɓawa sai domin wannan, ya kuma yi magana da wani mai babur amintacce a bar lambarsa a gidan. Limaman Juma'a na masarautar nan, in sun ba wannan magana huɗuba ɗaya a farkon hunturu, ba su ɓata minbari ba.

Malaman tsangaya ma akwai nasu kason. Ƙolo ɗan shekara shida da ke kwana a zaure ba mayafi, ya tashi karatun dare a bakin wutar kara hayaƙi yana dukan fuskarsa, amana ce a wuyan wanda aka damƙa wa shi. Idan ya kwanta da zazzaɓi da suka a haƙarƙari, a yi masa tofi a ba shi rubutu, ba mai hanawa, amma a sa gardi ya goya shi zuwa asibiti a wannan yinin.

Rigakafi kuwa kyauta a ke yinsa. Allurar nan mai haɗe da cututtuka biyar ta shigo Nijeriya a 2012, cikinta akwai ta ɗaya daga ƙwayoyin da ke kawo ciwon huhu. Ta nimokokas kuma an fara ta a ƙarshen 2014, daga baya ta game jihohi duka. Ana yin su a mako na 6 da na 10 da na 14 bayan haihuwa, ta ƙyanda kuwa a wata na 9 a maimaita a na 15, domin ƙyanda idan ta kama yaro sau da yawa ta ƙirji ta ke kashe shi. A bar jinjiri a kan nono zalla wata shida, kada a zubar da dakashi, a fitar da murhu fili, a kwance goyo a ba wata ta riƙe kafin a hura wuta. Wadda ta cika duk wannan, kuma aka ba ɗanta amoksisilin yana sha, in tsohuwa ta matsa sai an ƙara da na gida, to a ba ɗan da ya wuce shekara ɗaya zuma da ruwan ɗumi da ɗan lemun tsami saboda tari, a yawaita ba shi nono da kunu. Kasko dai ya tsaya a waje. In an kwana biyu ana ba da magani carbi bai ragu ba, a koma wurin wanda ya rubuta shi.